Tun da muka binne abokina nake farkawa cikin dare da fargaba: raunin imani ne ko ciwo?

Malamin Firamare, Kano:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in iya rubuta ta, domin tana cikin maganganun da mutum yake jin nauyin faɗa ko ga ɗan'uwansa na jini. Shekaruna 34, ina da mata da 'ya'ya biyu, ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma ba zan ce ina cikin wani ƙunci da ya wuce na sauran jama'a ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwar wani abokina wanda muka taso tare tun muna makarantar allo. Zazzaɓin kwana uku ya yi. Ranar Laraba muka yi waya da shi, ranar Asabar da hantsi muka kai shi makwancinsa. Ina cikin waɗanda suka karɓe shi a bakin kabari, kuma ina tsaye aka jera itace, aka toshe da fasassun tukwane, aka kwaɓa ƙasa aka shafe. Ba ranar na fara zuwa maƙabarta ba, domin a watan Afrilun 2020, lokacin da dattawa suka yi ta rasuwa a Kano, akwai makon da na raka gawa huɗu, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan rana ba. Da muka koma ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi, sai na hangi takalmansa a bakin zaure, dunduniyar na hagu ta cinye ta gefe guda kamar yadda ya saba takawa, mutanen da ke kusa da ni kuma har sun shiga zancen farashin masara.

Tun daga ranar nake farkawa wajen ƙarfe biyu ko uku na dare gabana yana faɗuwa. Abin da yake zo mini ba tsoron azabar kabari ba ne irin wanda muke ji a wa'azi, wanda aƙalla mutum ya san yadda zai yi da shi, wato ya tuba ya gyara aikinsa. Wani abu ne dabam da na kasa samo sunansa. Sai in tuna ban san sunan kakan kakana ba, alhali shi ma ya yi noma, ya yi aure, ya yi fushi, ya yi dariya, kuma nan da shekara ɗari haka za a manta da ni. Sai in tambayi kaina amfanin jadawalin darasin da zan rubuta da safe, da bashin da nake ta ƙoƙarin biya, da filin da nake tara kuɗin saye. In na ɗauki waya don in kawar da tunanin, abin da zan fara cin karo da shi a Facebook sanarwar wata rasuwar ce, lambarsa kuma tana nan a WhatsApp da hotonsa, na kasa gogewa.

Ban bar salla ba, ban kuma yi shakkar tashin ƙiyama ba. Wannan ma shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai, domin ina ganin wanda ya yi imani da lahira bai kamata ya ji haka ba. Ina roƙon masu ilmi su gaya mini gaskiya: raunin imani ne ya kama ni, ko ciwo ne da ya kamata in kai asibiti, ko kuwa kowa yana jin haka ana dai ɓoyewa ne?

Almajirin Ilmi, Zariya:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya jiƙan abokinka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Malam, ka fara sauke wa kanka nauyin zargin raunin imani, domin ban ga alamarsa a cikin abin da ka rubuta ba. Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, suka ce suna samun abin da suke jin girman furta shi a cikin zukatansu, ya tambaye su ko lallai sun samu hakan, da suka amsa sai ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun bayyana cewa ƙyamar abin da tsoron furta shi su ne alamar imanin. Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake raya matattu, da aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, sai ya ce ya yi, yana dai son zuciyarsa ta natsu, kamar yadda ya zo a aya ta 260 ta Suratul Baƙara. Ka ga ashe imani abu ne, natsuwar zuciya kuma wani abu ne da ake nema bayansa, kuma mutum yana iya riƙe da na farko yana roƙon na biyun. A Suratul Ma'arij an faɗa mana cewa an halicci mutum mai raki, a Suratul Balad kuma an ce an halicce shi cikin wahala, kuma ba a ware kowa ba.

Labarin da nake son ka tsaya a kansa shi ne na Imam Gazali, wanda malamanmu na zaure suke karantar da littattafansa har yau. A shekarar 1095 yana shugaban malamai a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 suna ɗaukar karatu a wajensa, sarakuna suna girmama shi, shekarunsa kuma ba su kai arba'in ba. Shi da kansa ya ba da labari a cikin littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal cewa ya dubi ayyukansa ya ga neman suna ne yake tura shi, ya yi kusan wata shida yana kai-kawo, yau ya ƙudurta barin garin, gobe ya fasa, har Allah ya ɗaure harshensa ya kasa furta kalma ɗaya ta darasi, abinci ma ya daina karɓarsa. Likitoci suka duba shi suka ce abin daga zuciya ya sauko, ba su da maganinsa sai in damuwar ta gushe. Ya bar Bagadaza da sunan tafiya aikin hajji, ya zauna a Dimashƙa, ya je Ƙudus, bai koma karantarwa a makaranta ba sai a 1106 a Naisaburi. A tsakanin waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din.

Ban kawo wannan don in ce ka bar iyalinka ka shiga duniya ba, domin kai haƙƙin mata da 'ya'ya yana wuyanka. Na kawo shi ne don ka ga tambayar da ta hana ka barci ta taɓa hana wanda ya fi mu ilmi magana baki ɗaya, kuma bai kira ta kafirci ba, ya ɗauke ta a matsayin kira zuwa binciken niyyarsa. Shawarata ita ce kada ka zauna kana jayayya da tunanin a kan gado da tsakar dare, domin a wannan lokaci shi yake da rinjaye. Ka tashi ka yi alwala, ka yi raka'a biyu, ka riƙe addu'ar neman tsari daga hammu da hazan, wato zullumin abin da ke tafe da baƙin cikin abin da ya wuce, waɗanda na ga duka biyun sun haɗu a kanka.

Ɗan Kasuwa, Maraɗi:

Allah ya gafarta Malam, bayaninku ya yi kyau, amma ni ina da wata fahimta, kuma ina fatan mai tambaya ba zai ji haushina ba. Iyayenmu sun binne 'ya'ya sun binne 'yan'uwa a shekarun yunwa da na ƙyanda, washegari suka ɗauki fartanya suka tafi gona, ba mu ji suna irin wannan tunani ba. A ganina wayar hannu ce ta jawo mana wannan. A da mutuwar unguwarku da ta danginku kawai kake ji, yanzu kuwa kafin ka karya kumallo ka ga rasuwar mutum goma daga garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba, kowanne da hotonsa yana murmushi. Zuciya ba za ta iya ɗaukar wannan kullum ba. Ɗan'uwa, ka fitar da wayar daga ɗakin kwananka, ka nemi wata sana'ar bayan an tashi daga makaranta, jiki ya gaji, barci zai zo da kansa.

Ma'aikaciyar Jinya, Kaduna:

Alhaji, maganarku ta waya gaskiya ce, kuma ni ma ina ba marasa lafiya wannan shawara, amma ban yarda cewa iyayenmu ba su san wannan hali ba. Rashin faɗa dabam, rashin ji dabam. Na fi shekara goma ina aiki a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma na ga dattawan da suka yi shekaru ana yi musu maganin ulsa da hawan jini, sai da aka zauna da su aka saurare su sannan aka gano tun rasuwar wani nasu ba su sake samun cikakken barci ba. Mutanenmu sukan kawo damuwar zuciya asibiti da sunan ciwon jiki: zafin ƙirji, nauyin kai, yawon wani abu a cikin jiki, domin waɗannan su ne al'ada ta yarda mutum ya yi kuka da su. Tsofaffin likitocin Musulunci ma sun san haka. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da dalili a fili ba, ya kuma ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani.

Malam mai tambaya, ba zan iya yanke hukunci a kan lafiyarka daga rubutu ba, amma zan gaya maka abin da muke dubawa. Tunanin mutuwa da tambayar ma'anar rayuwa su kaɗai ba ciwo ba ne. Abin da yake sa mu ce lamarin ya kai ga asibiti shi ne idan mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙuncin rai, abubuwan da yake jin daɗinsu a da sun fita daga ransa, cin abincinsa ya canza, yana ramewa, ya kasa tattara hankalinsa a wajen aiki, ko yana ganin kansa ba shi da wani amfani. Akwai kuma firgicin da yake zuwa farat ɗaya da bugun zuciya da gumi da sarƙewar numfashi, mutum ya ɗauka ransa ne zai fita, bayan wasu mintuna ya lafa. Wannan ma yana da magani. Wata bakwai kana farkawa a tsakiyar dare ya isa dalilin ganin likita, ko don a auna jininka a duba maƙoƙo, domin akwai ciwon maƙoƙo da yake kawo faɗuwar gaba da rashin barci, a kuma tambaye ka yawan goro da shayi da kofi da kake sha da yamma. Idan kuwa tunanin ya taɓa juyawa daga tsoron mutuwa zuwa fatan ta, ko tunanin cutar da kanka, to kada ka jira gobe, ka gaya wa wani na kusa da kai a ranar, ku tafi asibiti tare.

A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai kuma sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Na san sunan waɗannan wurare kaɗai yana firgita mutane, saboda mun taso muna jin cewa sai wanda aka ɗaure da mari ake kaiwa can. Yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su koma bakin aikinsu. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi kare mutuncin mai neman magani. Zuwa asibiti bai hana ka addu'ar da Malam na Zariya ya ba ka ba.

Ɗalibin Falsafa, Sakkwato:

Ina goyon bayan a je a duba lafiya kamar yadda Anti ta ce, sai dai ina son in ƙara cewa ko da likita ya gyara barcin, tambayar da Malam ya yi game da kakan kakansa za ta saura, domin ba daga jini ta fito ba. Wani masanin falsafa ɗan ƙasar Denmak, Soren Kierkegaard, wanda shi kansa mai riƙo da addininsa na Kirista ne, ya rarrabe a 1844 tsakanin tsoro da wannan fargaba. Tsoro yana da abin da ake tsoro, kamar maciji ko ɓarawo, in abin ya gushe tsoron ya gushe. Ita kuwa wannan fargaba ba ta da abin nunawa da yatsa, shi ya sa Malam ya ce ya kasa samo sunanta. Ta taso ne daga sanin da mutum ya yi cewa kwanakinsa ƙididdigaggu ne, kuma zaɓin yadda zai kashe su yana wuyansa. Akuya tana gudun wuƙa in ta gan ta, amma ba ta kwana tana lissafin shekarunta. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Irvin Yalom, ya tattara tushen wannan damuwa a 1980 zuwa abu huɗu: mutuwa, da nauyin zaɓi, da kaɗaicin da ba mai iya shiga cikinsa tare da kai, da tsoron kada rayuwa ta zama ba ta da ma'ana. Na ga uku daga cikinsu a rubutun Malam.

Abin da nake son Malam ya lura da shi shi ne, ya ɗaura darajar aikinsa a kan a tuna da shi, sannan ya ga ba za a tuna ba, sai aikin ya zube a idonsa. Amma kakan kakan nan da aka manta sunansa, hatsin da ya noma shi ya rayar da wanda ya haifi wanda ya haife ka, kuma mantuwar sunan ba ta rage ƙwaya ɗaya daga wannan hatsi ba. Yaron da ka koya wa haɗa baƙi a aji biyu zai karanta takardar magani ga mahaifiyarsa bayan shekara talatin ko ya tuna sunanka ko bai tuna ba.

Game da intanet kuma, ban ɗauke ta sharri zalla ba kamar yadda Alhaji ya nuna. A majalisar ƙofar gida, wanda ya ce yana jin irin wannan fargaba za a ce masa ya yi istigfari a wuce wurin, shi ya sa mutane da yawa ba su taɓa furta wannan magana ba sai a inda ba a san fuskarsu ba. Wannan alheri ne. Haɗarin shi ne mutum ya saba da tattauna damuwarsa da baƙi har ta zame masa abin hira, alhali matarsa da take kwance kusa da shi ba ta san me yake tashinsa ba.

Kakar Yara, Katsina:

Ɗana, jikata ce take rubuta mini wannan, ni nake faɗa mata. Na binne mijina, na kuma binne ɗana na fari yana da shekara 29. Lokacin takaba, wata huɗu da kwana goma, ban ji komai ba saboda gidan cike yake da mutane. Sai da kowa ya watse, na share tsakar gida na zauna ni kaɗai, sannan wannan abu da kake faɗa ya zo mini, har nakan kalli hannuna in ce wannan ma ƙasa zai zama. Ban gaya wa kowa ba sai yau, saboda haka Alhaji na Maraɗi ya sani mu ma mun ji, shiru kawai muka yi. Bai tafi gaba ɗaya ba har yanzu, amma ya zama kamar baƙon da na san lokacin zuwansa. Tambaya ɗaya zan yi maka: tun da aka yi sadakar arba'in, ka koma ka gaida mahaifiyar abokin nan naka? Abokan ɗana da suka ci gaba da zuwa gaishe ni su suka riƙe ni, kuma ɗaya daga cikinsu ya gaya mini daga baya cewa shi ma zuwan ne ya riƙe shi.

Malamin Firamare, Kano:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Mama, tambayarku ta same ni a inda nake ɓoyewa. Ban koma gidan ba tun ranar bakwai, har hanya nake canzawa in zan je kasuwa don kada in bi ta ƙofar, kuma ban taɓa haɗa wannan da rashin barcina ba sai da na karanta maganarku. Jiya bayan la'asar na je. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta sa aka kira babban ɗansa, wanda zai shiga aji uku, ta ce tun rasuwar uban karatunsa ya ja baya. Mun yi da ita zai riƙa zuwa wajena ranar Asabar da Lahadi da safe.

Anti ma'aikaciyar jinya, na auna kaina da alamomin da kika lissafa, na ga cin abincina ya ragu ƙwarai, wandunana ma sun yi mini yawa, amma tunanin cutar da kaina bai taɓa zo mini ba. Na gaya wa matata komai daren jiya, ta ce ta daɗe tana jin tashina tana yin kamar tana barci don kada ta kunyata ni. Ranar Litinin za mu je asibiti tare. Ina son ki ƙara mini bayani a kan abu ɗaya kafin ranar: in na je, babban likita na ɓangaren marasa lafiya na waje zan fara gani ya tura ni, ko kuwa kai tsaye zan nemi sashen ƙwaƙwalwa?